Ɓurɓushin roba daga wankin tufafi: Asalinsa, inda yake ƙarewa da hanyoyin rage shi

Duk wanda ya taɓa wanke sabon bargo ko rigar sanyi a baho ya san wani gashi-gashi da ke tasowa saman ruwa, ya manne wa hannu, ya kuma taru a bakin rariya bayan an zubar da ruwan. Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne daga cikin abin da tufar ta zubar. Mafi yawansa silin zare ne da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma idan yadin na roba ne, to silin nan roba ne, sau da yawa ma irin wadda ake yin gorar ruwan sha da ita. Ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma ruɓewa a ƙasa kamar yadda tsumman auduga ke ruɓewa.

Masana muhalli suna kiran duk wani guntun roba da bai wuce milimita 5 ba da sunan ɓurɓushin roba. Sunan ya yaɗu ne daga shekarar 2004, lokacin da Richard Thompson, masanin halittun teku a Jami'ar Plymouth da ke Ingila, da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu a mujallar Science, inda suka nuna cewa robar da ake zaton ta ɓace a teku ba ɓacewa ta yi ba, farfashewa ta yi ta koma ƙanana. Wani ɓurɓushin yana samuwa ne idan leda ko gora ta daɗe a rana ta rududduge. Wani kuwa tun yana ƙaraminsa yake shiga ruwa, kamar wanda tayar mota ke bari a kan kwalta da wanda tufafi ke zubarwa. A shekarar 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ƙiyasta cewa kashi 35 cikin 100 na wannan nau'i na biyu da ke isa teku daga wankin tufafin roba yake fitowa. Tayar mota ce ke biye da kashi 28.

Yadda roba ta zama sutura

Zaren roba daga man fetur da iskar gas ake yin sa. A narkar da sinadarin, a matso shi ta wasu ƙananan huji kamar yadda ake matsa taliya, ya fito dogon sili, sannan a saƙa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara samar da nailan a shekarar 1935. A 1941 wasu masana biyu a birnin Manchester, John Whinfield da James Dickson, suka yi rajistar foliyesta, wanda aka sayar da sunan Terylene. Akirilik, wanda ke kwaikwayon ulu kuma da shi ake saƙa yawancin rigunan sanyi da hulunan sanyi masu araha, ya shiga kasuwa a wajen 1950.

Cikin shekara 60 foliyesta ya kere auduga. Alƙaluman ƙungiyar Textile Exchange sun nuna cewa a 2023 duniya ta samar da zare tan miliyan 124, kuma kashi 57 cikin 100 foliyesta ne, auduga kuwa kusan kashi 20 kacal. A shekarar 2000 jimillar zaren duniya ba ta kai rabin wannan adadi ba. Dalilin nasarar foliyesta ba ɓoyayye ba ne: ga araha, ga saurin bushewa, ba ya yamutsewa sosai, launinsa ba ya saurin koɗewa, kuma samuwarsa ba ta jiran damina.

Arewacin Najeriya ya ga wannan sauyi da idonsa. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo bayanta a Kakuri da Kano, kuma ginshiƙinsu shi ne audugar da ake nomawa a yankunan Funtuwa, Gusau, Zariya da Gombe. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2007 manyansu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kayan da ake shigowa da su daga Asiya suka maye gurbinsu. Wanda ya zaga Kantin Kwari a yau zai tarar da cewa hijabi, gyale, abaya, leshi mai sauƙin kuɗi, yadin makaranta, rigar ƙwallo, labule, bargo da darduma, mafi yawansu roba ne ko gaurayen roba da auduga. Har atamfa da shadda akwai na auduga, akwai kuma waɗanda 'yan kasuwa da kansu ke kira 'yan roba.

Tsofaffin 'yan kasuwar yadi suna da gwajin da bai taɓa ba su kunya ba. A zaro 'yan zare daga bakin yadi a kusanta su da ashana. Auduga takan kama da wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta da nailan kuwa sukan noƙe daga wutar, su narke, su bar wani baƙin ƙullutu mai tauri wanda ba ya murƙushewa a yatsa. Gauraye yakan nuna alamun biyu. Wannan gwaji ya fi takardar da ke manne a jikin yadi gaskiya, domin ba kowace takarda ce ke faɗin abin da ke ciki ba.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan wanki

Wanda ya fara ɗora alhakin a kan wanki shi ne Mark Browne. A binciken da ya wallafa a 2011, ya ɗebo yashi daga bakin teku 18 a nahiyoyi shida, ya tarar cewa zaren foliyesta da akirilik ne suka fi yawa, kuma sun fi taruwa kusa da garuruwa masu cunkoso da wuraren da ake zubar da ruwan ƙazanta. Da ya gwada injin wanki, sai ya ga riga ɗaya tana iya sakin sili sama da 1,900 a wanki guda. Shekara biyar bayan haka Imogen Napper da Richard Thompson suka auna wankin kaya masu nauyin kilo 6. Akirilik ya saki sili sama da 700,000, foliyesta kusan 500,000, gaurayen foliyesta da auduga kuwa kimanin 138,000. Wani lissafi da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka fitar a 2020 ya ce daga 1950 zuwa 2016 wankin tufafi ya zubar da zaren roba tan miliyan 5.6, kuma rabin wannan a shekara goman ƙarshe aka zubar da shi.

Ba duk yadin roba ne ke zubar da zare daidai ba, kuma a nan ne mai saye yake da ta cewa. Akwai zaren da ake barinsa dogo ba yankewa, shi ne ke ba yadi santsi da sheƙi. Akwai wanda ake daddatsawa gajere-gajere sannan a kaɗa shi kamar auduga domin ya yi laushi a jiki. Na biyun yana da dubban bakuna a sake, kuma kowane baki na iya zamewa ko ya tsinke. Haka nan saƙa mai sako-sako ta fi matsattsiya zubarwa. Mafi muni su ne yadukan da aka taje fuskarsu da gangan domin su yi gashi, irin bargo mai laushi, rigar sanyi, tawul ɗin roba da kayan jarirai masu lallausan gashi. Bakin yadin da aka yanka da almakashi aka bar shi ba kalmasa shi ma mafita ce ta zare, abin da ya shafi teloli kai tsaye.

Sabuwar tufa ta fi zubarwa a wankin farko da na biyu, saboda tana ɗauke da ragowar zaren da ya kakkarye tun a masaƙa. Daga nan adadin yakan ragu ya daidaita, har sai tufar ta tsufa, rana da guga sun gajiyar da zarenta, sannan ya sake hawa. Wani bincike na 2016 a kan rigunan sanyi ya gano cewa waɗanda suka sha jiki suna zubar da kusan ninki biyu na abin da sababbi ke zubarwa. Wannan ya shafi gwanjo, wanda da ma ya sha wanki a wata ƙasa kafin ya iso Ƙofar Wambai.

Wankin hannu da wankin inji

Kusan duk alƙaluman da suka gabata daga injin wanki aka samo su, alhali mafi yawan gidaje a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maradi da hannu suke wanki. Wasu masana a birnin Hangzhou na ƙasar Sin sun gwada hanyoyin biyu, suka wallafa sakamakon a farkon 2023. Ƙyallen foliyesta da aka wanke da hannu ya saki sili kusan 1,900, irinsa da aka sa a inji ya saki fiye da 23,000, wato sama da ninki goma. Jiƙa kaya kafin wanki da gurza su a kan allon wanki sun ƙara adadin, amma duk da haka bai kusanci na inji ba.

Wannan labari ne mai daɗi, sai dai rabinsa ke nan. A Turai da Amurka ruwan injin wanki yana bin bututu zuwa matatar ruwan ƙazanta, kuma matata mai kyau tana tare sama da kashi 90 cikin 100 na zaren kafin a saki ruwan. A yawancin garuruwanmu babu abin da ke tsakanin baho da kogi. Ruwan wanki yana fita ta rariya, ya faɗa kwata, ya bi lambatu. Abuja tana da matatar Wupa, amma ko a can ɗimbin unguwannin bayan gari ba a haɗa su da bututunta ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa sama da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya ana sakinsa ba tare da tacewa ba. Saboda haka mai wankin hannu yana zubar da kaɗan, amma kaɗan ɗin nan gaba ɗayansa yake tafiya. Masu sana'ar wanki a bakin rafi da madatsun ruwa kuwa a cikin ruwan kansa suke ɗauraya.

Birnin Kano misali ne da kowa zai gane. Jakara tana kwashe ruwan gidajen cikin gari da kewaye, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta ƙare a madatsar Wasai da ke Minjibir. A tsawon hanyar manoman rani suna ban-ruwa da ita, suna noma latas, alayyafo, kabeji da karas da ke komawa kasuwannin birnin, a Wasai kuma ana kamun kifi. Duk abin da ruwan wanki ya ɗauko, nan ce hanyarsa. Ƙaiƙayi ne yake komawa kan masheƙiya.

Akwai kuma wani bambanci na yanayin ƙasa da rahotannin ƙetare ba su cika lura da shi ba, domin su teku ce damuwarsu. Kogin Kaduna yana bi ta Shiroro ya faɗa Neja, daga nan zuwa Tekun Atilantika. Amma kogunan Kano da Challawa haɗuwa suke su zama Kogin Haɗeja, wanda ke bazuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tafkin ba shi da mafita zuwa teku. Zaren da ya shiga wannan hanya a fadamun shinkafa, wuraren kiwo da ruwan masunta yake zama.

Ko a ƙasashen da ke da matatu, ƙasa ce ke karɓar kaso mai yawa. Zaren da matata ta tare yana taruwa ne a cikin dagwalon da ke kwanciya a ƙasan tanki, kuma a ƙasashe da dama ana kai wannan dagwalo gonaki a matsayin taki. Wani bincike a Amurka a 2005 ya samu zaren roba a gonar da aka zuba wa irin wannan taki shekara 15 kafin nan. Gwaje-gwajen da aka yi a Jamus sun nuna cewa zaren foliyesta yana sauya yadda ƙwayoyin ƙasa ke dunƙulewa da yadda take riƙe ruwa. Lissafin Santa Barbara da aka ambata ya nuna cewa abin da ke ƙarewa a doron ƙasa a kowace shekara yanzu ya kai wanda ke shiga ruwa.

Game da nisan da zaren ke yi, misali uku sun isa. An same shi a ƙanƙarar Dutsen Everest a tsayin mita 8,440. An same shi a cikin hanjin ƙananan halittun Ramin Mariana, wuri mafi zurfi a tekunan duniya. A ruwan Tekun Arctic kuma, wani bincike na 2021 ya gano cewa kashi 92 cikin 100 na ɓurɓushin robar da aka tace zare ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na zaren foliyesta ne.

Lafiyar ɗan Adam

Zaren yana shiga jiki ta abinci, ruwan sha da numfashi. Kifi yana haɗiyarsa, ko da yake mafi yawa a hanji yake tsayawa, kuma ana cire hanjin babban kifi kafin a dafa. Ƙananan kifaye da ake shanyawa a ci da cikinsu ne suka bambanta. Hanyar numfashi ta fi yadda ake zato girma: binciken da masana a Italiya da Plymouth suka yi a 2020 ya nuna cewa sa tufar foliyesta da zirga-zirga da ita kawai yana sakin zare a iska wanda yawansa a shekara zai iya kai na wanki ko ya zarce. Ƙurar da ake sharewa a ɗaki mai labule, kafet da bargon roba tana cike da shi.

A 2022 masana a Amsterdam sun samu ɓurɓushin roba a jinin mutum 17 daga cikin 22 da suka gwada. A shekarar dai, likitoci a garin Hull na Ingila sun same shi a 11 daga cikin samfuran huhu 13 da aka ciro daga marasa lafiyar da aka yi wa tiyata. Kafin nan an gan shi a mabiyiyar mata masu haihuwa a birnin Rum. Binciken da ya fi tayar da hankali shi ne wanda aka wallafa a 2024, inda aka bi diddigin mutum 257 a Italiya da aka kankare wa kitsen da ya toshe jijiyar wuya. An samu roba a kitsen fiye da rabinsu, kuma cikin kusan shekara uku waɗannan sun ninka sauran sau huɗu da rabi wajen haɗuwa da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Masu binciken da kansu sun ja kunne cewa alaƙa suka gani, ba hujjar cewa robar ce sanadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a rahotonta na 2019 kan ruwan sha, ta ce ƙwayoyin cuta da guba a ruwa sun fi ɓurɓushin roba zama barazanar gaggawa.

Inda cutarwar ta tabbata shi ne wurin sana'a. A shekarun 1990 likitoci a jihar Rhode Island ta Amurka sun gano wata cutar huhu a tsakanin ma'aikatan masana'antar da ke daddatsa nailan, sakamakon shaƙar ƙurar zaren shekara da shekaru. Telan da ke wuni a ƙuntataccen shago yana yankan yadin roba, da mai kwance dilar gwanjo yana kakkaɓewa, ba su kai waɗancan ma'aikata shaƙa ba, amma buɗe taga da sa takunkumi ba asara ba ne gare su.

Ragewa tun daga kasuwa

Babban mataki ana ɗaukarsa ne kafin a kai ga baho. Tufa mai matsattsiyar saƙa da santsin fuska, wadda za ta yi shekara biyar, ta fi guda biyar masu araha da za su tashi gashi cikin wata uku, domin kowace sabuwa da nata zubin farko take zuwa. Araha ba ta ado, a nan kuma ba ta tsafta. Inda hali ya ba da dama, auduga ta fi dacewa da abubuwan da ake yawan wankewa: singileti, zanin gado, tawul, kayan jarirai da kayan makaranta. Ta fi kuma daɗi a zafin bazara. Sai dai a san cewa auduga ma tana zubar da zare, har ta fi foliyesta a wasu gwaje-gwajen. Fifikonta shi ne nata yana ruɓewa, ko da yake rini da sinadaran gyaran yadi suna jinkirta ruɓewar.

Kada kuma tambarin da ke cewa an yi riga da tsofaffin gorunan ruwa ya ruɗi mai saye. Sake sarrafa gora yana rage amfani da sabon fetur, amma zaren da aka samu foliyesta ne, kuma yana zuba kamar kowane.

Batun gwanjo yana da fuska biyu. Sa tufar da wani ya bari yana tsawaita ranta, ya rage buƙatar sabuwa. Amma dilolin da ke zuwa Afirka ta Yamma suna ƙunshe da tarin kayan da ba sa sayuwa. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, gidauniyar Or ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga a kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara, wadda ake ganin ta a tafkin Korle da bakin tekun birnin. Ɗan kasuwar da ya ƙi dila mai ƙaramin daraja yana kare jarinsa, yana kuma rage abin da zai ƙare a bola. Ƙona ragowar ba mafita ba ce, domin hayaƙin roba ya fi zarenta illa nan take.

Ragewa a wurin wanki

Wankin da ba a yi ba shi ne bai zubar da komai ba. Babbar riga, abaya ko rigar sanyi da aka sa na 'yan sa'o'i a kan wasu kaya ba dole ne ta shiga ruwa ba. Shanya ta a inuwa ta sha iska ya wadatar, tabo kuma a wanke gurbinsa kawai. Gidan sauro mai magani, wanda shi ma roba ne, an tsara shi ya jure wanki 20 ne a tsawon rayuwarsa, don haka yawan wanke shi asarar magani ce da zare gaba ɗaya. Wannan ba dalili ba ne na daina kwana a cikinsa.

Ga mai wankin hannu, abin gudu shi ne burushi mai tauri, gurza tufa a kan siminti ko dutse, da doguwar jiƙa a cikin bilic, wanda ke raunana zare. A juya kaya ciki waje, a cuɗa a hankali, a raba masu zif da ƙarfe daga masu laushi. Ɗaura wani matsattsen ƙyallen auduga a bakin bokiti a tace ruwan kafin a zubar yana kama manyan silin, ko da ƙananan za su wuce. Abin da ya taru a ƙyallen a bar shi ya bushe, a tattara a sa a shara, kada a ɗauraye shi a ruwa, in ba haka ba an yi aikin banza. Gidan da ke da ramin tsotse ruwa mai yashi da tsakuwa ya fi wanda ke sakin ruwa a kwata, domin yashi yana riƙe zaren a wuri guda. Ruwan da aka wanke bargo ko kayan sanyi da shi bai kamata a zuba wa lambun bayan gida ba.

Ga masu inji, waɗanda adadinsu ke ƙaruwa a gidajen ma'aikata, sakamakon bincike ya saɓa wa zato. Masana a Jami'ar Newcastle sun gano a 2019 cewa tsarin wankin da aka keɓe wa kaya masu laushi ya saki sili 800,000 fiye da wankin yau da kullum, saboda yana amfani da ruwa mai yawa, kuma ƙarfin ruwan da ke ratsa saƙa ne ke fizge zare. Don haka cika inji da kaya ya fi wanke riga uku a ruwa mai yawa. Wani bincike a Jami'ar Northumbria a 2020 ya nuna cewa komawa daga wankin minti 85 a zafin digiri 40 zuwa na minti 30 a digiri 15 ya rage zubar da kashi 30 cikin 100, ga kuma sauƙin kuɗin lantarki ko man janareta. Nau'in injin ma yana da tasiri. A binciken rigunan sanyi na 2016, inji mai baki a sama ya zubar da kusan ninki bakwai na mai ƙofa a gaba, kuma mai baki a saman ne ya fi yawa a kasuwanninmu saboda arahar sa. Na'urar busar da kaya kuwa, bincike a Hong Kong ya ƙiyasta cewa guda ɗaya tana iya hura sili har miliyan 120 a iska cikin shekara. Igiyar shanya da ranar da Allah Ya hore mana sun raba mu da wannan.

Akwai kayan da aka ƙera musamman domin kama zaren. A gwajin da Jami'ar Plymouth ta yi a 2020, matacin XFiltra da ake haɗawa da inji ya rage abin da ke fita da kashi 78 cikin 100, jakar Guppyfriend da ake zuba kaya a ciki kafin a sa a inji ta rage kashi 54. A ƙaramin garin Parry Sound na Kanada an sa matatai a gidaje kusan 100, kuma an ga raguwar zare a ruwan da matatar garin ke fitarwa. Ga magidanci ɗaya a Najeriya, sayo irin waɗannan daga waje da canjin dala abu ne mai nauyi. Inda lissafin zai fi fita shi ne otal-otal, asibitoci, makarantun kwana, barikoki da manyan shagunan wanki da guga, inda bututu ɗaya ke fitar da ruwan wankin ɗaruruwan mutane, kuma mataci ɗaya ko tankin kwantar da ruwa zai yi aikin gidaje masu yawa.

Abin da dokoki suka ce

Faransa ce ta fara sa hannu. Dokarta ta yaƙi da almubazzaranci ta watan Fabrairun 2020 ta tanadi cewa daga Janairun 2025 duk sabon injin wanki sai ya zo da matacin zare, sai dai ranar ta zo ba a fitar da ƙa'idojin aiwatarwa ba. A jihar Kalifoniya majalisa ta amince da irin wannan ƙudiri a 2023, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, yana mai cewa zai ƙara wa masu saye tsada. Masu sukar dogaro da mataci suna cewa an ɗora wa mai wanki nauyin da ya kamata masaƙa ta ɗauka, tunda masaƙa na iya wanke yadi sau ɗaya a tace ruwan kafin a fitar da shi kasuwa, ta haka a kama zubin farko, wanda shi ne mafi yawa.

A Najeriya an amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, Jihar Legas kuma ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024. Hankalin waɗannan matakai ya fi karkata ga leda, gora da mazubin abinci, wato robar da ake gani tana toshe magudanai. A matakin duniya, ƙasashe sun amince a Nairobi a watan Maris na 2022 cewa za su ƙulla yarjejeniya kan gurɓatar roba. Zaman Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 ya watse ba a cimma matsaya ba, haka ma na Jeniba a watan Agustan 2025, inda aka rabu a kan ko za a ƙayyade yawan sabuwar robar da ake ƙerawa ko kuwa a tsaya ga kwashe shara kawai.